Za a ciro tsokar ƙirjin Baba a cike masa kunci bayan an cire ciwon daji: wa ya taɓa ganin an yi?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don gidanmu ya rabu biyu. Mahaifinmu kafinta ne, ya haura shekara hamsin. Tun kafin azumin bara wani gyambo ya fito masa a cikin kuncin hagu, muka ɗauka haƙori ne ke gugar wurin. Yanzu ya yi tauri, ya fara turo fatar waje, baki ma da ƙyar yake buɗuwa cokali ya shiga. An ɗebi ɗan nama an kai gwaji, sakamako ya nuna kansa ce, wato ciwon daji. Likitoci sun ce za su yanke wurin gaba ɗaya, su kwashe kaluluwar wuya, kuma ramin da zai rage ba zai ɗinku ba sai sun ciro tsoka da fata daga ƙirjinsa sun cike. Don Allah naman ƙirji ta yaya zai kama a fuska? Ba ruɓewa zai yi ba? Hannunsa fa, da shi yake ci da mu. Baffanmu kuma ya kafe, wai daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu. Wanda ya taɓa gani da idonsa ya taimaka mana.

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Sarkin_Yaƙi: Ni dai ina bayan Baffanku. Maƙwabcinmu haka aka yi masa aiki a wuya, bai rufe shekara ba ya rasu. Kafin aikin yana fita kasuwa da ƙafarsa. Manya ba sa faɗar magana a banza.

Likitan_Muƙamuƙi: Ummu Sadiq, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina ke nan, tiyatar baki da muƙamuƙi, bari in yi miki bayani yadda za ki iya mayar wa mutanen gida.

Tsoron ruɓewa da kike yi yana kan hanya, domin duk naman da ya rabu da jini mutuwa yake yi. Shi ya sa ba yanko tsokar ake yi a cire ta kwata-kwata ba. Babbar tsokar ƙirji tana da jijiyar jini da ke shigo mata ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Sai a ɓamɓaro tsokar daga kan haƙarƙari tare da yankin fatar da ke kanta, a bar ta maƙale da wannan jijiyar, a yi mata hanya ta ƙarƙashin fatar wuya, a juyo ta sama har kunci, a ɗinke. Kamar yaɗon kabewa ne da aka ja aka ɗora a kan danga, ya canza wuri amma saiwarsa na nan a ƙasa tana shayar da shi. Cikin makonni kaɗan kuma sababbin ƙananan jijiyoyi za su tsiro daga fuskar su shiga naman.

Wannan daban ne da dashen fata da ake yi wa wanda ya ƙone, inda ake fero siririyar fata daga cinya a shimfiɗa. Ita ba ta zuwa da jijiya, sai ta samu nama mai jini a ƙasanta take rayuwa. Ramin da ya huda kunci har cikin baki ba shi da ƙasan da za a shimfiɗa wani abu a kai, dole sai nama mai kauri.

Ummu_Sadiq: Likita na gode ƙwarai, wallahi yau na fara fahimta. To hannun fa?

Likitan_Muƙamuƙi: Hannu ba zai mutu ba. Akwai wasu tsokokin baya da kafaɗa da ke raba aikin da ita. Amma ba zan ɓoye miki ba, ƙarfin turawa da na rungumar kaya mai nauyi zai ragu a wannan ɓangaren. Da yake na hagu ne, in Baba ba bahago ba ne, guduma da zarto na hannun damansa. Abin da ya fi taɓa kafaɗa ma sau da yawa aikin wuyan ne, saboda akwai jijiyar laka da ke ɗaga kafaɗa tana bi ta wurin da ake kwashe kaluluwa. Ku tambaye su ko za su iya tsallake ta, kuma ku dage da zuwa wurin likitocin fisiyo, masu motsa gaɓoɓi su dawo da ƙarfinsu, bayan aikin.

Ɗan_Zazzau: Sarkin Yaƙi, Allah ya jiƙan maƙwabcinku, amma ina da tambaya. Wata nawa ya yi da ciwon kafin ya je asibiti? Don mu mutanenmu sai an zagaye masu sassaƙe da hayaƙi, an shafa wannan an ɗaura wancan, sai abu ya ci rabin fuska sannan a ɗauko mutum. In ya rasu sai a ce wuƙa ce.

Sarkin_Yaƙi: Ya daɗe kam, ya kai shekara biyu. Amma ai bayan aikin ne ya kwanta gaba ɗaya, wannan da idona na gani.

Nas_ta_Tiyata: Yaya Sarkin Yaƙi, abin da ka gani gaskiya ne, fassarar ce muke da saɓani. Kansar baki tana bin kaluluwar wuya ta wuce huhu ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. In ta riga ta wuce kafin aiki, cire ta fuskar ba zai tsayar da ita ba, sai mutane su ga kamar aikin ne ya watsa ta.

Ummu Sadiq, ni bari in gaya miki abin da za ki tarar a ɗakin jinya, don kada ki firgita. Ranar farko fuskar za ta kumbura sosai. Za ki ga roba ta hanci zuwa ciki, ta nan za a riƙa ba shi abinci, don ba a so komai ya taɓa ɗinkin cikin baki. Za ki ga wasu robobi a wuya da ƙirji suna zuƙe jini da ruwa. Wataƙila a huda masa maƙogwaro a sa bututun numfashi na ɗan lokaci saboda kumburi, lokacin ba zai iya magana ba, ku tanadi littafi da biro ko allo. Mu kuma muna zuwa a kai a kai muna duba naman: mu danna shi da yatsa, mu taɓa mu ji ɗuminsa, wani lokaci likita ya ɗan soka allura ya ga irin jinin da zai fito. Ja mai haske shi ake so. In ya fito baƙi-baƙi ko naman ya yi sanyi, nan take ake kiran likita.

Abu ɗaya da nake roƙon masu jinya: kada a ɗaura komai a wuyansa, ko igiyar laya ko carbi ko rawani, kuma kada a bar kansa ya lanƙwashe a kan filo. Jijiyar nan ta wuyan take bi, matse ta kaɗan yana iya kashe aikin gaba ɗaya.

Hajiya_Balaraba: Ikon Allah. Wannan na igiyar wuya da ba a faɗa ba wa zai kawo shi a ransa?

Bakatsine_Sak: Malamai fa? Ni abin da ke damuna shi ne ko wannan bai shiga canza halittar Allah ba.

Almajirin_Zaure: Bakatsine, malamai sun bambanta tsakanin wanda ke neman ƙarin kyau a kan halitta lafiyayya da wanda ke gyara abin da ciwo ko rauni ya ɓata. Na biyun magani ne. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito. In an halatta wa namiji zinare saboda wannan lalura, ina ga naman jikin mutum da aka mayar wa jikinsa? Ummu Sadiq, ki kai wa Baffa wannan cikin ladabi, ko ki sa wani babba ya kai masa.

Abu_Khalil: Ni a jikina aka yi, ko da yake nawa daban ne. Ƙari ne ya fito min a muƙamuƙin ƙasa, irin wanda likitoci ke kira amelobilastoma. Ba kansa ba ce, ba ya yawo a jiki, amma yana cinye ƙashi a hankali har haƙora su fara girgiɗi. Wani wuri aka fara kankare min shi kawai, aka ce an gama, bayan 'yan shekaru ya dawo ya fi na da. Da na je asibitin koyarwa sai suka ce irin wannan sai an yanke ƙashin har da ɗan lafiyayyen da ke gefensa. Suka sa min ƙarfen titaniyom, daga baya suka ɗebo ƙashi daga ƙuguna suka dasa.

Abin da zan gaya wa Baba shi ne ya shirya wa madubi. Ranar da na fara ganin fuskata na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Haɓata ta karkace, leɓen ƙasa ba na jin sa, ruwa na zuba ta gefe in ina sha ban ma ji ba sai na ga rigata ta jiƙe. Kumburin ya sauka a hankali, na koyi shan koko da ƙaramin kofi ina ɗan karkata kai. Yau ina cin tuwo, ina koyarwa a aji, yara na jin maganata. Fuskar da aka haife ni da ita ba ta dawo ba, kuma likitana tun farko bai yi min alkawarin za ta dawo ba. Wannan gaskiyar da ya gaya min ta taimake ni fiye da lallashin 'yan'uwa.

Ummu_Sadiq: Malam Abu Khalil, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Baba wannan da kaina.

Talatu_Gwandu: Me zai hana ku kai shi asibitin noma na Sakkwato? Na ji gyaran fuska kyauta suke yi.

Ɗalibar_Likitanci: Anti Talatu, asibitin yana nan, tun 1999 aka buɗe shi, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da su tun 2014. Amma don masu cutar noma aka gina shi, ita kuwa ba kansa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne ke cin dasashi da kunci, galibi ga yara ƙanana masu tamowa, cikin 'yan kwanaki su huda fuska. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Dabarun cike ramin suna kama da juna, amma mai kansa yana buƙatar wurin da za a duba naman da aka cire a tabbatar an kwashe har gefe, sannan a shirya masa gashi, wato ƙona ragowar kansar da hasken na'ura. Wannan aikin asibitin koyarwa ne.

Ɗan_Damagaram: Mu ma nan Damagaram akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles mai kula da yaran noma. Na ga wata yarinya ta garinmu da aka gyara wa hanci da fatar goshinta. An juyo fatar ta sauko, aka bar ta haɗe da goshi wajen sati uku, sannan lokotoro ya raba. Duk wanda ya gan ta cikin satuttukan nan sai ya kau da kai, amma yanzu tana makaranta.

Ɗalibar_Likitanci: Wannan ta goshi ai tsohuwar dabara ce, daga Indiya ta fito, sun yi ɗaruruwan shekaru suna gyara hanci da ita. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma wani likita ɗan Niyuzilan, Harold Gillies, ya gyara fuskokin dubban sojojin da harsashi ya ragargaza a wani asibiti a Sidcup ta Ingila. Ita tsokar ƙirji da za a yi wa Baba, Stephan Ariyan ne a Amurka ya bayyana amfani da ita a kai da wuya a 1979. Kun ga ta haura shekara arba'in ana yi, ba gwaji za a yi da shi ba.

Bahaushen_Landan: To ai nan gizo ke saƙar. Dabarar 1979 ce. A nan Ingila yanzu da wuya a fara da tsokar ƙirji. Nama suke cirowa daga damtsen hannu na ƙasa ko cinya, su yanke shi da jijiyoyinsa gaba ɗaya, su haɗa da jijiyoyin wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ƙashi ne kuma su ɗauko siririn ƙashin ƙwauri su lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi. Ya fi kyau nesa ba kusa ba. In da hali ku fitar da shi Indiya ko Masar.

Likitan_Muƙamuƙi: Alhaji na Landan, abin da ka faɗa haka yake. Na hannu likitocin Sin ne suka fito da shi a farkon shekarun 1980, na ƙashin ƙwauri kuma David Hidalgo ya yi amfani da shi a muƙamuƙi a 1989. Fatar hannu siririya ce mai laushi, ta fi dacewa da cikin baki, ba musu. A Najeriya ma akwai masu yi.

Amma ka duba abin da yake buƙata. Jijiyoyin da ake haɗawa faɗinsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Aikin kan ɗauki awa 8 zuwa 12. Bayan nan, kwana biyu zuwa uku na farko sai an riƙa duba naman kusan kowace awa, in jini ya daskare a mahaɗar dole a koma tiyata a daren, da wuta, da jini a ajiye, da ma'aikata a tsaye. In ya mutu kuwa gaba ɗaya yake mutuwa. Tsokar ƙirji ba ta da mahaɗar da za ta toshe, aikinta ya fi gajarta ga dattijon da ya rame, da wuya ta mutu duka, kuma tana lulluɓe babbar jijiyar wuya ta kare ta lokacin gashi. Har a Turai ita ake komawa in wancan ya gaza.

Aibunta ma zan faɗa. Tana da kauri, za a ga tudu a wuya, ko da yake tsokar na motsewa cikin watanni. Launin fatar ƙirji ba ɗaya yake da na fuska ba. Gefen ɗinkin kan buɗe wani lokaci miyau ya riƙa tsatsa sai an yi ta wanki. Namiji mai gashin ƙirji, gashin kan ci gaba da tsiro a cikin baki. Ga mace kuma tana iya karkatar da mama, shi ya sa mukan duba wata hanyar. Ba ta kuma kai can sama sosai. Ramin da ke ganɗa ko kwarmin ido, tsokar gefen kai da ke saman kunne ake juyowa, wadda za ka ji tana motsi in kana tauna, sai dai takan bar ɗan loɓawa a wurin.

Batun fita waje, ni abin da nake tsoro shi ne watannin da za a ɓata ana haɗa kuɗi da neman biza. Ƙarin da ya fara turo fata ba ya jira.

Bahaushen_Landan: Na ji Likita, amma ni dai da mahaifina ne zan so a ba ni zaɓi biyun in auna, kada a ce min ɗaya ce kawai.

Likitan_Muƙamuƙi: Wannan haƙƙinsu ne, su tambaya kai tsaye.

Malama_Rabi: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ƙanena zabiya ne, kansar fata ta kama shi a gefen kunne saboda rana. Da muka je da wuri, ɗan yanki aka cire aka jawo fatar kusa aka rufe, ko kwana bai yi da yawa ba. Abokinsa da ya tsaya shafe-shafe sai da ya rasa kunnen duka. Masu 'ya'ya zabiya, malafa da riga mai dogon hannu, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kai shi a duba.

Garba_Mai_Taya: Ɗan yayata ma muƙamuƙinsa ya kumbura yana ɗan shekara bakwai, ba a yi masa aiki ba, allurai kawai aka yi ta yi masa ya sace. Me ya sa ba za a yi wa Baba haka ba?

Ɗalibar_Likitanci: Kawu Garba, bayaninka ya yi kama da kansar Burkitt, wadda ke kama muƙamuƙin yara a ƙasashen da maleriya ta yi yawa. Ita da kemo, wato magungunan kashe kansa, take narkewa. Ta cikin kuncin manya ba ta jin kemo shi kaɗai haka, tiyata ce kan gaba. Shi ya sa ake fara ɗibar nama a gwada kafin komai.

Ɗan_Zazzau: Ba wanda ya yi maganar kuɗi. Ummu Sadiq, ku sa a rubuta muku komai dalla-dalla: aiki, jini, magani, gwajin naman da za a cire, da gashi. Mutane kan tara na tiyata kawai, sai an gama a ce musu saura gashi, aljihu ya riga ya bushe. Asibitocin koyarwa suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ku je ku yi bayani, ba abin kunya ba ne.

Nas_ta_Tiyata: Gashin nan kada a yi wasa da shi, ana so a fara cikin kamar sati shida bayan aiki. Akwai sashensa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya da na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ku nemi layi tun yanzu. Kafin aikin kuma ku ciyar da shi sosai: ƙwai, madara, kunun gyaɗa, alale mai laushi, romon nama. Wanda ya rame ɗinkinsa ba ya kamawa da wuri. In yana shan sigari ko yana sa taba a baki ya bari yau, don tana tsuke jijiyoyin da naman zai rayu da su. In akwai ciwon suga a daidaita shi.

Ɗan_Damagaram: Mu ma Yamai ta samu injin gashi tun 2021, da can sai an fita ƙasar waje.

Sarkin_Yaƙi: Na karanta duka. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da yanka ba, amma ba zan ce ku ƙi ba. Abin da zan ce, ku tambayi shi Baban. Kowa na magana a kansa, shi me ya ce?

Ummu_Sadiq: Yaya Sarkin Yaƙi, na tambaye shi jiya da daddare bayan na karanta masa na Malam Abu Khalil. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba fuskar ce damuwarsa ba, so yake ya iya cin abinci a gaban mutane kuma a ji karatunsa in ya ja sallah a shago. Bai ce eh ba tukuna. Baffa ya yarda zai raka mu ranar asibiti ya ji daga bakin likita. Baba ya ce in tambaya masa, yaya zai yi alwala da sallah da bandeji a fuska da roba a wuya?

Almajirin_Zaure: Ki gaya masa addini ya yi sauƙi a nan. Zai wanke inda ruwa ba zai cutar ba, ya shafa a kan bandejin. In hakan ma likita ya hana, ko bandejin ya rufe mafi yawan gaɓoɓin, sai ya yi taimama. Sallah kuma a zaune ko a kwance, da nuni, ba sai ya sunkuyar da kai ba. Lokacin da bututun ke maƙogwaro, ya motsa harshe gwargwadon iko, in ya kasa ya karanta a zuci.

Nas_ta_Tiyata: Sujada kam a jinkirta sai likita ya ba da izini, sunkuyo yana tara jini a fuska. Sannan mazan gidan su je su ba da jini tun kafin ranar, kada a bari sai an shiga da shi a fara kiran waya.